Ƙafar da ta Iya Dira: Jinjina ga Masu Horar da Yaran Birnin Zazzau

A cikin ganuwar Zazzau akwai mutanen da suka cancanci a miƙe tsaye a jinjina musu, ko da yake ba albashi suke karɓa ba, ba a kuma kiran sunansu a lasifika ranar taro. Su ne masu horar da yaran unguwa. Wani tela ne, wani malamin firamare, wani ɗan tireda ne da ke rufe shago bayan la'asar ya rataya usur ya nufi fili. Daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Anguwan Juma zuwa Kaura da Babban Dodo, da wuya ka sami unguwar da ba ta da irin wannan bawan Allah. Shi zai tara yara a harabar makaranta ko a wani sarari a gindin ganuwa, ya sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya raba faɗa, ya rako wanda ya ji ciwo har ƙofar gida ya ba iyaye haƙuri. Tare da su nake haɗa malaman motsa jiki na makarantu, da manyan da har yau ba su yarda langa ta mutu ba. Jinjinata a kan abu guda take, wanda su kansu ba kasafai suke lissafa shi cikin aikinsu ba: sun raini ƙafafun da suka iya dira.

Duk wanda ya tashi sama don ya sa wa ƙwallo kai, ko ya jefa ta a kwando, ƙasa na jiransa da bugun da ya ninka nauyin jikinsa sau uku, sau huɗu, wani lokaci fiye da haka. Ta tafin ƙafa bugun yake shiga, idon sawu ne kuma gaɓa babba ta farko da ke tarbarsa. Idan dirar ta yi kyau, yatsu da gaban tafin ƙafa ne ke fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo a hankali, ƙwauri ya karkato gaba, gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya ja baya. Naman sha-raɓa da jijiyar agara suna miƙewa suna shanye bugun kaɗan-kaɗan, su miƙa ragowar ga cinya da ɗuwawu. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba. A 1992 wasu masana biyu a Amurka, Paul DeVita da William Skelly, sun sa 'yan wasa mata su diro daga tsayin santimita 59, wani zubin da gwiwa a lanƙwashe, wani zubin a sandare. Suka ga cewa a dira mai taushi tsokoki sun shanye ƙarfin faɗowar fiye da na sandararriyar dira da kashi 19 cikin 100. Abin da tsoka ba ta shanye ba, ƙashi da gaɓa ne ke ɗaukarsa.

Abu biyu ake nema a idon sawu a wannan ɗan lokaci, kuma kamar ba sa ga maciji da juna: laushi da tauri. Bakan maharbi ke nan. Wanda ya bushe ya ƙi tanƙwaruwa karyewa zai yi, wanda kuma ya yi lagwai-lagwai ba zai kai kibiya ko'ina ba.

Laushin da ake nufi shi ne yadda ƙwauri zai iya karkatowa gaba bisa ƙafa ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Wanda idon sawunsa ya sanƙare, gwiwarsa ba ta samun hanyar tahowa gaba, sai ta karkace ciki, ko tafin ƙafar ya baje, ko mutum ya diro tsaye ƙiƙam. Wani bincike da aka yi a Jami'ar North Carolina aka buga a 2011 ya nuna cewa masu yalwar wannan lanƙwasa sun fi lanƙwasa gwiwa wajen dira, bugun ƙasa kuma ya fi sauƙi a kansu. A shekarar dai, a Suwidin, Ludvig Backman da Patrik Danielson sun bi matasan 'yan ƙwallon kwando tsawon shekara guda. Waɗanda lanƙwasar idon sawunsu ba ta kai digiri 36.5 ba, haɗarin kamuwa da ciwon jijiyar ƙoƙon gwiwa a gare su ya kai tsakanin kashi 18 zuwa 29 cikin 100, sauran kuwa wajen kashi 2 ne kawai. Ga yaro yana kuka da gwiwa, ana ta shafa wa gwiwa man zafi, alhali tushen matsalar yana can ƙasa.

Taurin kuwa daban yake da sanƙarewa. Shiri ne da tsokoki ke yi tun ƙafa tana sama, su ɗaure gaɓar daidai gwargwado kafin a taɓa ƙasa. Dole ne shirin ya riga dirar, domin gurɗewar ƙafa tana aukuwa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Kafin saƙo ya je ya dawo, tsokokin gefen ƙwauri su ja ƙafar su daidaita ta, aikin gama ya gama. Mafi yawan targaɗe ta ciki ƙafa ke juyawa, tafin ya kalli ɗayar ƙafar, jijiyoyi uku da ke ɗaure ƙasusuwa ta gefen waje su sha ja, ta gaba a cikinsu wadda ta fi rauni ita ke fara yagewa. Tun a 1965 wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, ya bayyana cewa a cikin waɗannan jijiyoyi akwai ƙananan majiya da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ko da ido a rufe. Idan aka yi targaɗe su ma suna lalacewa, shi ya sa ƙafar ke ci gaba da yaudarar mai ita bayan zafi ya tafi. Maganin da ya ba da shawara shi ne a koya wa ƙafar tsayuwa ita kaɗai a kan abin da ke rawa.

A nan ne birni ya yi wa 'ya'yansa gata. Ɗan birni a tsugune yake tasowa. A tsugune yake alwala, a tsugune yake gaida kakansa, a tsugune yake wanke allo, a tsugune yake jiran a zuba masa koko, dunduniya a ƙasa, gwiwa ta wuce yatsu. Masana ƙirar jiki sun daɗe da lura cewa al'ummomin da suka saba tsuguno har wani ɗan gurbi ke fitowa a ƙasusuwan idon sawunsu, inda ƙashin ƙwauri ke haɗuwa da na ƙafa. Lanƙwasar da ake biyan kuɗi a wasu ƙasashe don a dawo wa ɗan wasa da ita, yaronmu ya same ta a tsakar gida. Ladabi aka koya masa, ya tsinci lafiyar gaɓa a ciki.

Sai kuma langa, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya tsaya a kan ɗaya, ya yi ta tsalle, ana ture shi yana turewa, wanda ya saki ƙafarsa ko ya faɗi ya fita. 'Yan ƙungiya suna kare ruwansu har ya je ya sha, abokan karawa suna neman kayar da shi. Duba abin da ke faruwa a ƙafar nan guda da ke ƙasa. Tana dira sau ɗaruruwa a wasa ɗaya, ba kuma a miƙe kawai ba: gaba, baya, gefe, a juye, wani lokaci kafaɗar wani ta same shi yana sama, dole ƙafar ta canza shiri kafin ta sauka. Hannu ɗaya a ɗaure yake, saboda haka ba shi da abin daidaita jiki sai ƙugu da idon sawu. Idonsa kuma yana kan abokin karawa, ba ya kallon ƙasa. Idan wani masani ya zauna ya tsara atisayen da zai koya wa tsokoki ɗaure gaɓa kafin dira, da wuya ya zo da abin da ya fi wannan. 'Yan mata ma suna da tasu a 'yar gala-gala da tsallen igiya. Langa tana cikin wasannin da hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa ke kula da su, tare da dambe da kokawa da ayo da abula, ana kuma yin ta salo uku, ruwa da tureshi da kawoshi. Amma tun kafin ta sami alƙali da riga mai lamba, a dandali ta rayu da farin wata, a hannun yayye masu koya wa ƙanne.

Irin amfanin da tsayuwa a ƙafa ɗaya ke yi an auna shi a wurare da dama. A jihar Wisconsin ta Amurka, a 2006, Timothy McGuine da James Keene sun gwada atisayen daidaita tsayuwa a kan ɗaliban sakandare 765 masu ƙwallon ƙafa da na kwando, targaɗe ya ragu da kashi 38 cikin 100. A Holan, a 2009, an ba 'yan wasan da suka riga suka yi targaɗe atisayen makonni 8 da za su yi a gida, cikin binciken da ya ƙunshi mutum 522, maimaituwar ciwon ta ragu da kashi 35 cikin 100. Saboda haka kocin da ke cewa yaransa su yi zagaye biyu na langa kafin a fara taɓa ƙwallo, da malamin da ya bar 'yan aji su yi ta a lokacin tara maimakon ya kore su da bulala, aikin likita suke yi ko sun sani ko ba su sani ba. Allah ya saka musu da alheri, ya albarkaci zuriyarsu.

To amma, malamaina, da sauran aiki, kuma babbansa shi ne rainin da muke yi wa targaɗe. Kowa ya san abin da ake faɗa a bakin fili idan yaro ya faɗi yana riƙe da ƙafa: "Targaɗe ne kawai, tashi ka taka ta." Wani ya ja masa yatsu, wani ya zuba ruwan leda, a ce ai namiji ne. Bayan kwana uku yana ɗingishi a tsakiyar fili saboda akwai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. A Ostireliya, binciken Gaylene McKay da abokan aikinta na 2001 a kan 'yan ƙwallon kwando ya gano cewa kusan rabin ciwon idon sawu wajen dira yake aukuwa, fiye da rabin waɗanda suka ji ciwon ba su nemi magani wurin masana ba, kuma wanda ya taɓa yi ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin sake yi kusan sau biyar. A Ayilan, Cailbhe Doherty da tawagarsa sun bi mutanen da suka yi targaɗen farko, suka buga sakamako a 2016: bayan shekara guda, kashi 40 cikin 100 ƙafarsu ba ta koma daidai ba, ta zama mai yawan gurɗewa. Abin da ke faruwa shi ne gaɓar tana warkewa a sanƙare ta gaba, a sake ta gefe, wato ta rasa laushin da ake so, ta kuma rasa taurin da ake so. Marco van Basten na Holan, wanda ya ci kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai sau uku, idon sawu ne ya raba shi da fili. Wasansa na ƙarshe a 1993 ya buga shi, ya yi ritaya a 1995 yana da shekara 30. Stephen Curry na ƙwallon kwandon Amurka an yi masa tiyata a idon sawun dama a 2011 da 2012, sai da aka sake koya masa ɗora nauyi a ƙugu da cinya kafin ya zama abin da ya zama. Waɗannan suna da likitocin duniya a bayansu. Yaron Kusfa ko Alfadarai ba shi da kowa sai kocinsa, saboda haka kalmar "zauna, ba za ka buga ba" daga bakin koci ita ce kariyarsa ta farko. Allurar kashe zafi ko ƙwaya don a samu a buga wasa kuwa, wannan zalunci ne ga yaro, ko da shi ya roƙa.

Masu ɗori ma suna da kaso a jinjinar nan. Su ne na kusa, su ake bugawa ƙofa da dare, ba sa cewa sai an yanki kati, kuma gidaje da yawa sun gaji sana'ar kaka da kakanni da hannu mai albarka. Roƙona gare su, cikin girmamawa, abu uku ne da suka shafi ɗan wasa. Sabon targaɗe ba ya son murza mai ƙarfi ko gashi da ruwan zafi a kwana biyun farko, domin kumburi suke ƙarawa. Sanyi yake so, da ɗaga ƙafa sama, da naɗi mai sauƙi. Ɗauri tamau kuma yana iya tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke gaɓar da ta ruɓe a dalilin haka. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, a kwance nan take a tafi asibiti. Na ukun shi ne sanin lokacin da ya kamata a ɗauki hoton ƙashi. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da Dokta Ian Stiell da abokansa suka fitar a birnin Ottawa na Kanada a 1992: idan wanda ya ji ciwon ya kasa yin taku huɗu, ko aka danna bayan tudun ƙashin idon sawu na ciki ko na waje ya ji zafi a kan ƙashin kansa, ko a gindin ƙashin da ke bin ƙaramin yatsa, to a je a yi hoto. Ga yara abin ya fi muhimmanci, domin ƙarshen ƙashinsu bai gama haɗewa ba, abin da aka ɗauka targaɗe ne yana iya zama tsagewa a wurin da ƙashi ke girma. Asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika da sashensa na gashi da motsa gaɓoɓi. Mai ɗorin da ya ce "wannan ya fi ƙarfin kara, ku kai shi hoto" ƙima ya ƙara wa gidansu.

Akwai kuma awo, wanda ba ya cin ko sisi sai bango da abin awon tela. Yaro ya cire takalmi ya fuskanci bango, ya ajiye babban yatsa nesa da shi kaɗan, ya tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. A riƙa ja da ƙafar baya har a kai iyakar inda zai iya, a auna tsakanin yatsa da bango. Wajen santimita 10 shi ne abin da aka fi ɗauka a matsayin daidai ga wanda ya girma, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne a gwada dama da hagu. In ɗaya ta gaza 'yar uwarta da santimita 2 ko fiye, akwai magana, mai yiwuwa tsohon targaɗe ne da aka manta. Koci ya rubuta a littafi a farkon kaka. Ranar da yaro ya ji ciwo, ga ma'aunin da za a ce ya warke: ya dawo da awonsa na da, ya tsaya a ƙafar rabin minti ido a rufe, ya yi tsalle da ita gaba da gefe ya dira ya tsaya cak ba tangaɗi. Kafin nan, benci.

Ita ma langa ba ta gama komai ba, kada son da muke mata ya rufe mana ido. Kusan kowane yaro yana da ƙafar da ya fi so ya tsaya a kai, ɗayar kullum a hannu take, sai a tashi da ƙafa ɗaya gwana, ɗaya baƙuwa. A riƙa sauyawa kowane zagaye. Tsallenta kuma gajere ne, a kan yatsu, yana ƙara tauri amma yana iya ɗaure sha-raɓa, musamman yanzu da kujera da benci da babur suka rage tsuguno, ga takalman gwanjo masu tauri da ba su yi daidai da ƙafa ba. Dole a haɗa da miƙe agara a jikin bango, da koyar da dira daga sama da ƙafa biyu: gwiwa a saitin yatsu, ƙugu baya, ba ƙara. Kunnen koci ma abin awo ne, domin dirar da ta yi "dim" ba ta yi kyau ba. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, wanda ya ƙunshi gudu da tsayuwa a ƙafa ɗaya da tsalle da dira. An gwada shi a nan gida: Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa na Jami'ar Legas sun buga sakamako a 2014 daga ƙungiyoyi 20 na gasar matasan Legas, 'yan wasa 416, raunuka suka ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuma da kashi 48. Ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da alamomi a ƙasa. Wanda ya iya tsara langa zai iya koyon wannan a yini guda.

Wa zai koyar? Abin da ke damuna ke nan, domin ilimin yana Zariya, ganuwa kawai bai tsallako ba. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana da sashen nazarin motsa jiki da ilimin lafiya. A filin kwandonta na Samaru ne Koci Oliver Johnson ya raini matasa da yawa, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kuma jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Garin da ya yi wannan bai kamata a ce kocin unguwa a cikin birninsa bai taɓa zama aji ɗaya da likitan gaɓoɓi ba. Ɗaliban da ake turawa koyon koyarwa su shigo ta Ƙofar Doka da abin awo, su zauna da masu horarwa a Alhudahuda ko wata makaranta, su koyar su kuma koya. Malamansu su auna ƙafafun 'yan langa da na waɗanda ba sa yi, su rubuta abin da suka gani, da Hausa ma, don masu abin su karanta. Kada kuma a tsaya kan maza. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa a 2014 ya nuna mata sun fi maza yawan targaɗen idon sawu kusan ninki biyu, ga shi kuwa 'yan matanmu na sakandare suna buga ƙwallon raga da na hannu a kan siminti, sau da yawa da silifas ko takalmin makaranta.

Sai ƙasar da ake dira a kanta. Filayen cikin birni suna ƙarewa, gini yana cin su, waɗanda suka rage kuma damina ta zaizaye su, rani ya mayar da su marmara, ga tsakuwa, ga ramuka, ga sawun babur da ya bushe. Ƙafa komai gwanintarta, in ta sauka a bakin rami za ta juya. Hana yanka filayen makarantu da na unguwa magana ce ta ƙaramar hukuma da masarauta, kuma muna kai kukanmu gaban Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, da hakimansa. Amma cike rami da tsince duwatsu da zuba tifa ɗaya ko biyu ta yashi a inda ake langa da gaban raga ba sai an jira kasafin kuɗi daga Kaduna ba. Mai unguwa da kansila da ƙungiyar matasa sun isa su yi shi a Asabar guda, da shebur da baro, a ƙarshen damina kafin hunturu ya busar da ƙasa.